Shari'ar Attahiru Mai Wankan Gawa

A Hillar Almu, ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, wato babbar magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga, idan namiji ya rasu Attahiru ake kira. Shekara ashirin da biyu yana wankan gawa, tun bayan rasuwar mahaifinsa da ya koya masa aikin. Abu ɗaya tsohon ya fi nanata masa: abin da idonka ya gani a jikin mamaci, a cikin ɗakin za ka bar shi ka fito. Ya kuwa riƙe. Ya ga ciwon da aka ɓoye wa dangi shekaru, ya ga layu a ƙugun mutanen da suka yi ta faɗa da masu ɗaura laya, bai taɓa gaya wa kowa ba, har Sabuwa matarsa. Saboda haka mutane suka saki jiki da shi. Mutum ne marar yawan magana, mai tafiya a hankali, yana ƙwadago a gonakin masu hawasha kamar yawancin mutanen ƙauyen.

A lokacin tsinkar auduga na shekarar dubu ɗaya da ɗari tara da sittin da uku, wata safiyar Talata, mai gadin ƙofar ruwa ya ga mutum ya maƙale a jikin ƙarfen da ke tare ciyawa. Da aka jawo shi sai aka ga Ɗanjuma ne, ɗan wata bazawara mai suna Mero, shi kaɗai ya rage mata. Bai kai shekara talatin ba. Yana cikin masu tsinka a hawashar Alhasan, wato gonar da hukumar noma ta ba Alhasan yana nomawa. Alhasan ɗan ƙauyen ne, tare suka yi karatun allo da Attahiru, sai dai shi Allah ya ba shi gona, ya kuma ba shi zafin rai.

Shehu Garba, mai riƙe da ƙauyen, ya ce a yi sauri a rufe shi kafin rana ta ɗaga. Kowa ya san dalili ba tare da an faɗa ba. In aka aika Kamlin, garin da hukuma take, bolis za su zo, in kuma suka zo ba za su tsaya kan gawa kaɗai ba, sai sun tambayi takardar jinsiya, shaidar zama ɗan ƙasa. Rabin ƙauyen ba su da ita, duk da a nan aka haife su, aka haifi iyayen wasunsu.

Attahiru ya shiga ɗakin da tsoho Mato, wanda ya saba zuba masa ruwa. Ya yi bisimilla, ya ɗaga hannun daman mamacin, sai ya tsaya. A wuyan hannun akwai zane baƙi ya zagaye shi kamar munduwa, fata ta sale. Ya duba na hagu, haka. Ya sa hannu ƙarƙashin kan don ya gyara, yatsunsa suka shiga wani rami a ƙeya. Ya wanke mutum shida ko bakwai da tur'a ta ci, ya san yadda ruwa yake barin jiki. Ruwa ba ya ɗaure hannu.

"Baba Mato," ya ce a hankali, "dubi nan."

Mato ya sunkuya, ya duba, ya ɗago. Ya ci gaba da zuba ruwa.

"Gama aikinka, Attahiru. Mutane na jira."

Ya gama. Ya naɗe likkafani, ya ɗaure, aka yi salla, aka kai shi. Shi da kansa ya shiga kabarin ya karɓe shi. Da ya dawo gida Sabuwa ta ajiye masa tuwon dawa, ya zauna yana kallonsa har ya huce. Abin da yake ta dawo masa shi ne rigimar ranar Lahadi. Rabin ƙauye sun ji ta. Ɗanjuma ya bar jakin Alhasan ya faɗa rami ya karye a ƙafa, Alhasan ya fito bakin gona yana ihu, ya ce, "Wallahi sai na ɗaure ka kamar akuya na jefa ka tur'a!" A ranar dariya aka yi, don Alhasan ya sha faɗar irinta. Yanzu Attahiru in ya rufe ido sai ya ga hannayen nan biyu, ya kuma ji muryar.

Kwana biyu ya yi da abin a cikinsa. Ran sadakar uku maza suka taru a ƙofar gidan Mero, kan tabarmi, mata suna ciki bayan dangar kara. Ana shan shayi bayan addu'a, sai wani mai shago ya gyara zama ya ce ai wannan darasi ne ga samari. Ya ce an sha ganin Ɗanjuma wajen masu giyar dawa a sansanin leburori, wanda kuwa ya sha ya bi bakin tur'a, ƙarshensa ke nan. Wasu suka gyaɗa kai. Daga bayan danga aka ji Mero ta yi wani ɗan sauti, ba kuka ba, kamar wadda aka taka.

Attahiru bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Ƙarya ne," ya ce. "Ɗanjuma bai faɗa ruwa ba. Ɗaure shi aka yi, aka fasa masa kai, aka jefa shi. Ni na wanke shi, da idona na gani."

Da a nan ya tsaya, wataƙila da labarin ya zama wani daban. Amma Shehu Garba ya ce, "Attahiru, zauna, ka san abin da kake faɗi kuwa? Wa zai yi haka?" Shi kuma Attahiru ya juya ya nuna Alhasan, wanda ke zaune da kofin shayi a hannu.

"Ku tambayi wanda ya yi rantsuwa ran Lahadi. Alhasan ne ya kashe shi."

Alhasan ya ajiye kofin. Bai yi ihu ba, abin da ya ba kowa mamaki. Fuskarsa ta yi toka-toka, ya tashi, ya sa takalmansa, ya tafi.

Washegari mutum huɗu cikin masu tsinkarsa ba su fito ba. Kafin mako ya zagayo babu ko ɗaya. Audugarsa ta fashe ta yi fari a gona, ta fara zuba ƙasa, yana tsinka shi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, ga eka goma. A masallaci in ya tsaya a sahu, na kusa da shi sai ya ɗan ja. Mata suka daina aron turmi a gidansa. Ba wanda ya ce masa komai, ba kuma wanda ya aika Kamlin. Da ya ga haka sai shi ya hau jaki ya tafi da kansa, ya shigar da ƙarar ɓata suna.

Sabuwa ta roƙi mijinta ya je ya ba da haƙuri kafin ranar zama.

"Malam, ka je da Shehu, ka ce ɓacin rai ne. Mu ba mu da kowa a birni."

"In ce ban ga abin da na gani ba?"

"Ban ce haka ba."

"To mi zan ce? Gaskiya na faɗa. Ba a ɗaure mutum don ya faɗi gaskiya."

Da wannan ya tafi kotu, bayan wata biyu da rasuwar. Ɗaki ne dogo mai farar ƙasa, da fanka a sama tana juyawa a hankali. Alƙalin matashi ne, siriri, mai tabarau, bai kai shekarun ƙanen Attahiru ba. Da Larabci aka yi zaman, kowa a cikinsu yana ji. Alƙalin ya saurari Alhasan, ya saurari mutum biyu da suka ji maganar a wajen sadaka, sannan ya dubi Attahiru.

"Baba, ka faɗi wannan magana?"

"Na faɗa, Maulana. Kuma gaskiya ce."

"To, zan gaya maka yadda doka take, don kada ka ce an zalunce ka a duhu. Doka ba ta hana ka magana ba. Kana iya cewa Alhasan mai zafin rai ne, ko ka ce ba ka son halinsa, wannan ra'ayinka ne, ba ruwana. Amma in ka ɗora wa mutum laifi a gaban jama'a, ka kama sunansa, to ka taɓa wani abu nasa da doka take karewa kamar yadda take kare gonarsa. Mafita biyu gare ka. Ta farko, ka nuna abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma faɗarsa amfanin jama'a ce. Ta biyu, a ce ka kai zarginka da zuciya ɗaya wurin wanda ke da ikon bincike. Da wajen bolis ka je ka faɗi wannan magana, ko da ta zama kuskure, da ba ka tsaya a gabana ba. Ka je?"

"Ban je ba."

"Me ya hana?"

Attahiru ya dubi bencin baya, inda Shehu Garba da mutanen ƙauye suke zaune, kowa ya sunkuyar da kai. Ya san abin da amsar za ta jawo musu.

"Ban je ba, Maulana," ya sake cewa.

"To saura ta farko. Kawo shaidarka."

Aka kira Mato. Tsohon ya zo yana dogara sanda, aka rantsar da shi. Ya ce shi ruwa yake zubawa, ɗakin da duhu, idonsa kuma ya yi rauni tun bara. Bai ga komai ba. Yana magana yana kallon bango. Attahiru ya bi shi da ido har ya koma ya zauna, bai ji haushi ba ma.

Alƙalin ya ce yana iya ba da umarni a tone kabarin likita ya duba, ko da yake bayan wata biyu a ƙasa mai danshi bai san abin da za a tarar ba. Ya ce yana so ya ji ta bakin uwar mamacin. Mero ta taso a lulluɓe, ƙarama, ta tsaya nesa da teburin.

"Na riga na ba ƙasa ɗana," ta ce. "Kada a taɓa mini shi. An ja shi a ruwa, an ja shi a baki, ya isa."

Attahiru ya ce, "Yaya Mero, don shi na yi."

Ba ta dube shi ba. "Na sani. Amma kafin ka yi magana ina barci. Na ce Allah ne ya karɓi abinsa. Yanzu kullum ina ganinsa ɗaure."

Ta koma ta zauna. Alƙalin ya yi rubutu mai tsawo, sannan ya cire tabarau ya goge.

"Baba, bari in raba maganarka biyu. Ka ce ka ga alamar igiya da rauni a ƙeya. Ni na yarda ka gani, fuskarka ba ta maƙaryaci ba ce. Wannan abin da idonka ya gani ke nan, kuma ba a kansa aka kawo ka ba. Rabi na biyu, ka ce Alhasan ne. Ka ga Alhasan ya ɗaure shi?"

"Ban gani ba."

"Wani ya gaya maka ya gani?"

"A'a. Amma ya rantse, Maulana. Kowa ya ji. Ya ce zai ɗaure shi ya jefa tur'a, kwana biyu aka tsinto shi a tur'a da alamar ɗauri."

"Ya faɗa, ya kuma amsa a gabana cewa ya faɗa. Mummunar magana ce, da mamacin ya kawo ƙara a kanta da na saurare shi. Amma abin da mutum ya furta cikin fushi ba ya zama shaidar abin da hannunsa ya aikata. Ji wannan."

Aka shigo da direban wata lori da wasu fatake biyu, ba Hausawa ba, ba su da alaƙa da ƙauyen. Suka shaida cewa ran Litinin da hantsi Alhasan ya hau lorinsu zuwa kasuwar dabbobi neman wani jaki, lorin ta lalace a hanya, suka kwana tare a can, ba su dawo ba sai Talata bayan azahar. Ɗanjuma kuwa an gan shi da rai ran Litinin da la'asar, uwarsa ma ta ba shi abinci. Attahiru ya tuna, a lokacin, cewa bai ga Alhasan a wajen jana'iza ba. A da ya ɗauki wannan alamar rashin gaskiya. Bai taɓa tambayar kowa inda yake ba.

Fanka na ta juyawa. Wata biyu yana kwana yana tashi da tabbaci, yanzu ya neme shi a cikinsa ya rasa.

"Maulana," ya ce, "hannayen na gani. Sunan kuwa ni na sa."

Ya juya wajen Alhasan. "Alhasan, na cuce ka. Ka yafe mini."

Alƙalin ya ce irin wannan ƙara mai ita yana iya janyewa in ya so. Alhasan ya miƙe. Ya rame ƙwarai, rigarsa ta yi masa yawa.

"Audugata ta ruɓe a ƙasa," ya ce. "'Yata ƙarama ta je ɗibar ruwa aka ce mata 'yar mai kisa, ta dawo ta ƙi cin abinci kwana biyu. A gaban mutum sittin ya faɗa. In na janye, za su ce tsoro na ji. Ban janye ba."

Aka yanke wa Attahiru wata biyu a gidan yari. Kafin a fita da shi alƙalin ya ce abin da ya faɗa game da gawar ba zai bar shi a takarda kawai ba, dole ya miƙa wa bolis su bincika, don rai ne. Attahiru ya ji wani gunaguni ya taso daga bencin baya.

Abin da ya faru a ƙauye, Sabuwa ce ta ba shi labari ta tagar ziyara. Bolis sun zo, sun yi kwana uku suna tambaya gida-gida. Ba wanda ya ga komai, ba wanda ya ji komai. Ba a kama kowa ba, ba a kuma kori kowa ba, amma sun rubuta sunaye, kuma tsoron sunayen nan kaɗai ya sa gida biyar suka kwashe suka yi kudu. Mero na cikinsu. Ta bi wata 'yar ƙanwarta zuwa Rusairis, ba ta yi sallama da kowa ba.

Attahiru ya fito ana shirin shukar dawa. Ba wanda ya zage shi. Ana gaisawa, ana yi masa barka da dawowa, sai hira ta mutu har ya wuce. Bayan sati uku tsoho Mato ya rasu. Attahiru ya ji kukan mata da safe, ya yi alwala, ya ɗauko ƙwaryarsa da sabulu da ganyen magarya, ya zauna a zaure yana jiran aike. Rana ta ɗaga. Sai ya ga wani malami daga ƙauyen gaba ya wuce ta ƙofarsa a kan jaki, an je an ɗauko shi. Attahiru ya mayar da kayansa ɗaki, ya bi sahun jana'iza a can baya kamar kowa. Daga baya Shehu Garba ya same shi a hanya ya ce, "Kada ka ji komai, Attahiru. Mutane ne, kowa na da abin da ba ya so a gani." Attahiru ya ce ya gane. Ba a ƙara kiransa ba.

Alhasan ma hukuncin bai amfane shi da komai ba. Masu cewa ai da hayaƙi a maganar sun fi masu cewa an wanke shi yawa. Wasu suka ce fatake ai sayensu ake yi. Da kaka ta zo bai sami masu tsinka ba, ya mayar da hawashar. Aka ji zai tafi Damazin, inda ake gina babbar madatsar ruwa ana ɗaukar leburori.

Ranar tafiyar Attahiru yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, ya tarar da su a bakin hanya suna jiran lori, da gadaje biyu na igiya da tukwane da buhun dawa. Matar da 'ya'yan suka juya baya. Ya so ya wuce, ƙafarsa ta ƙi. Ya yi sallama. Alhasan ya amsa, ya matso, suka tsaya nesa kaɗan da iyalin.

"Zan tambaye ka abu ɗaya," in ji Alhasan. "Tsakaninka da Allah. Ka ga alamar igiyar nan da gaske?"

"Na gani. Hannu biyu."

Alhasan ya gyaɗa kai a hankali, yana kallon rufin gidajen ƙauyen.

"Ni ina can ina kwana ƙarƙashin lori. Kai kana gidanka. To ka ga, mutumin yana nan. Ya sha shayi tare da mu ran sadaka, ya ji ka kama sunana, ya ji daɗi. Gobe ma zai tsaya kusa da kai a sahu." Ya tofar da yawu gefe. "Da ka yi shiru da sunana, da wataƙila an neme shi. Ka ba su ni, suka huta."

Lori ta taso daga nesa tana rangaji a kan gaɓar tur'a. Attahiru ya ajiye fartanya ya kama ƙafar gado ɗaya, Alhasan ya kama ɗayar, suka miƙa sama. Suka ɗora buhun, suka ɗora tukwane. Alhasan ya hau ƙarshe, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce, "Sai wata rana," lorin ta ja.

Attahiru ya tsaya har ta sha kwana wajen gada. Sannan ya ɗauki fartanyarsa ya shiga ƙauye. Mutane na zaune a gindin bishiyar bedi suna jiran la'asar, suka ɗaga masa hannu, ya ɗaga musu, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya sani tun yana yaro. A gida Sabuwa ta kawo masa ruwa, ta ce an ce an gan shi da Alhasan a bakin hanya, me ya ce masa?

Attahiru ya sha ruwan, ya miƙa mata kwanon.

"Ya tafi Damazin," ya ce.